Layin fayiba na 200, kwamfuta na ba da 9: nazarin wani gida a Nima

Gidan haya ne irin na unguwar Nima a birnin Accra na Ghana, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, bangon bulo, rufin kwano. Alhajin da abin ya shafa yana riƙe da falo da ɗaki biyu. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar saukar karatu, kuma da yawa daga masu ba shi aiki 'yan zango ne mazauna Jamus da Ingila da Amurka, waɗanda ke turo masa manyan fayiloli ya haɗa ya mayar musu. Da sayen data ya ishe shi sai ya ja fayiba, aka shaida masa layin zai riƙa kai wa 200 Mbps. Wayarsa ta hannu, idan yana zaune a falo kusa da rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, tana nuna 185 zuwa 190. Kwamfutar tebur da yake aiki da ita a ɗakin baya, wadda ma da kebul aka haɗa ta, tana yawo tsakanin 6 da 11. Laftop ɗin 'yarsa da ke karatu a jami'ar Legon ba ta wuce 15.

Ma'aikatan kamfanin intanet sun zo sau biyu, sun jona na'urarsu a bayan rauta, sun ga gudu cikakke, sun tafi. Kuma da gaskiyarsu. Tun da waya ta samu 190 a cikin falon nan, layi ya sauke nauyinsa. Abin da ya rage yana tsakanin ramin rauta da cikin kwamfuta, kuma a wannan ɗan taƙin ne aka tarar da cuta uku daban-daban, kowace ta ɓoye a bayan 'yar'uwarta.

Kafin a taɓa komai an warware wani ruɗani. Kamfani yana lissafi da megabit, Mbps, alhali burauza idan tana saukar da fayil megabayit take nunawa, MB/s. Bayit ɗaya bit takwas ne, don haka layin 200 Mbps iyakarsa 25 MB/s. Mutane da dama suna ganin 20 a burauza su ɗauka an cuce su, alhali kusan cikakken gudu suke samu. A wannan gida ba haka ba ne, don burauzar Alhaji ko 1 MB/s da kyar take kaiwa.

Kwamfutar tebur

Dell OptiPlex ce ta hannu, daga wajen masu sayarwa na Circle a Accra, da katin Intel na gigabit a jikin allonta, tana kan Windows 10. Tambayar farko ga kowane katin sadarwa ita ce: da wane gudu ya daidaita da rauta? Ana danna maɓallin Windows da R, a rubuta ncpa.cpl, a danna Ethernet sau biyu, a duba layin Speed. Mai son PowerShell ya rubuta Get-NetAdapter ya duba LinkSpeed. Wannan lamba ba gudun intanet ba ce, faɗin ƙofa ce tsakanin kwamfuta da rauta, kuma intanet ba za ta taɓa wuce ta ba. A nan 100 Mbps aka gani, ba 1.0 Gbps ba, wato gigabit ko 1,000 Mbps. Ke nan ko komai lafiya lau, rabin layin ya riga ya tafi.

Amma ƙofar 100 ya kamata ta ba da kusan 94. Me ya kawo 9? Aka buɗe Device Manager, aka shiga Network adapters, aka danna katin, aka je shafin Advanced. A ƙarƙashin Speed & Duplex an tarar wani ya cire shi daga Auto Negotiation ya kafe shi a 100 Mbps Full Duplex.

Wannan saiti yana yaudarar mutane saboda sunansa yana da daɗin ji. Ga yadda abin yake aiki. Idan aka soka kebul, kati da rauta sukan gaisa, kowa ya faɗi abin da zai iya, su tsaya a kan mafi girma. Idan aka kafe katin Intel a 100 Full, sai ya daina wannan gaisuwa gaba ɗaya. Rauta, wadda ke kan Auto, tana iya gane gudun daga yanayin siginar, amma ba ta da hanyar sanin ko ɗayan ɓangaren yana magana da sauraro a lokaci guda. Ƙa'ida ta ce a irin wannan hali ta ɗauki Half Duplex, wato magana bi da bi. Daga nan rigima ta tashi: rauta tana tsakiyar turo bayanai, kwamfuta ta jefo saƙon "na karɓa" ba tare da jira ba, rauta ta ɗauka karo aka yi, ta yanke abin da take turowa. TCP, tsarin da ke kula da isar bayanai, yana ganin ɓatan fakiti, wato ƙunshin bayanai, sai ya rage gudu, ya ƙara, ya sake ragewa. Alamar wannan cuta ita ce ping, ɗan saƙon gwaji da ke auna lokacin zuwa da dawowa, yana tafiya sumul, shafuka ƙanana suna buɗewa, amma da an ɗora nauyi sai gudu ya faɗi warwas. Umarnin netstat -e yana da layin Errors, kuma a wannan kwamfuta lambar tana hawa ana kallo muddin ana saukar da fayil. Ba kowane kati ke yin haka ba. Wasu, idan an zaɓi 100 Full, suna ci gaba da gaisuwa su taƙaita abin da suke tallatawa kawai, shi ya sa wani zai rantse maka ya yi hakan a tasa kwamfutar kuma bai ga komai ba.

Aka mayar da Auto Negotiation. Haɗin ya yanke na wasu sakanni, ya dawo a 1.0 Gbps, ya yanke, ya sake gwadawa, daga bisani ya zauna a 100. Gwajin gudu ya ba da 93. Alhaji ya ce a bar shi haka, ai ya ninka goma. Mai gyara ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna. Wannan ɗauke-ɗauken da ya yi shi ne ya sa aka kafe shi tun farko. Ba a nan gizo ke saƙar ba."

Haka kuwa aka yi. Ɗan ƙanensa ne ya ga haɗin yana yankewa watanni da suka wuce, ya kafe shi a 100, yankewar ta tsaya, shi ke nan an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Kebul ɗin intanet yana da siraran wayoyi takwas a murɗe biyu-biyu. Gudun 100 huɗu kawai yake amfani da su, na 1 da 2 da 3 da 6. Gigabit yana buƙatar duk takwas ɗin. Idan ɗaya daga cikin 4, 5, 7 ko 8 ta tsinke ko ba ta taɓa ƙarfen kai da kyau, intanet ba za ta ɗauke ba, sai dai ta sauko 100 shiru ba sanarwa. Aka kawo 'yar na'urar gwajin kebul, mai fitilu takwas a kowane ɓari. Fitilu suka bi layi, ɗaya, biyu, uku, har aka zo ta bakwai: wani zagaye ta kama, wani zagaye ta tsallake. Da aka lanƙwasa kebul a gindin kai sai ta mutu gaba ɗaya.

Da aka yanke kan aka kankare waya ɗaya da reza, launin jan ƙarfen ya goge, fari ya fito. CCA ne, alminiyam da aka shafa wa tagulla. Irinsa ya cika kasuwa saboda arha, an rubuta Cat6 a jikinsa da manyan baƙi, amma yana karyewa da an lanƙwasa shi sau biyu uku, kuma wuta ba ta ratsa shi da sauƙi kamar tagulla zalla. Ga shi an bi da shi ta taga, an kafa shi da ƙusa a ƙarƙashin kwano, rana ta gasa rigarsa har ta tsattsage, kuma kusan mita biyar ya yi yana manne da wayar lantarkin da ke zuwa fanka. Sake matse kai zai iya tayar da shi na wata ɗaya ko biyu, amma an ga gara a canza. Aka sayi mita 20 na Cat5e na tagulla zalla, wanda ke ɗaukar gigabit har mita 100, don haka babu dalilin biyan kuɗin Cat7 a gida irin wannan. Aka zura shi cikin bututun roba a wajen da zai sha rana da ruwa, aka raba shi da wayar wuta da kamar taƙi ɗaya. An matse kawuna biyun da tsari ɗaya, T568B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wurin da masu koyo ke kuskure shi ne warware murɗin da tsawo don ya yi musu sauƙin jerawa. Kada abin da aka warware ya wuce kamar santimita ɗaya da ɗan ɗori, kuma rigar kebul ta shiga cikin kai har maƙoshin ya cije ta.

An kuma duba bayan rauta, don akwai akwatunan fayiba masu ramuka huɗu da ɗaya ne kawai gigabit. Wanda aka rubuta wa GE shi ne gigabit, FE kuwa 100 ne. Na wannan gida duka GE ne. Haɗi ya zauna a 1.0 Gbps, gwaji ya ba da 192.

A shafin Advanced an kashe Energy Efficient Ethernet, a shafin Power Management kuma an cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Waɗannan ba su ƙara gudu, sai dai suna kawar da yankewar da wasu katuna ke yi idan sun farka daga barci, kuma wutar da suke tanadi ba ta kai a yi magana ba. Mai katin Realtek zai tarar da 'yan'uwansu: Green Ethernet, Gigabit Lite, Power Saving Mode da Auto Disable Gigabit. Na ƙarshen nan aikinsa ke nan, ya sauko da kati zuwa 100, don haka a tabbata yana kan Disabled.

Cuta ta uku, wadda gwajin gudu bai nuna ba

Washegari Alhaji ya kira. Speedtest na cewa 190, YouTube na tafiya kamar ruwa, amma fayil mai 4 GB da aka ɗora masa a wata saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli a intanet, a Turai yana saukowa a kan 620 KB/s, ba ya hawa ba ya sauka. Gudun da ya tsaya cak a lamba ɗaya kamar an ja layi da rula ba cunkoso ba ne, don cunkoso hawa da sauka yake yi. Iyaka ce aka sa a wani wuri.

Aka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa aka rubuta netsh int tcp show global. Layin Receive Window Auto-Tuning Level ya nuna disabled. Wata manhajar "ƙara gudun intanet" da aka taɓa sakawa ce ta kashe shi, kuma cire manhajar bai mayar da saitin ba.

Wannan wuri ya cancanci a tsaya a yi lissafi, domin ya fi cutar da mu a nan fiye da mutumin da ke zaune kusa da sabobin. A TCP mai karɓa yana gaya wa mai turowa yawan bayanan da zai iya sakowa kafin ya jira amsa. Idan aka kashe Auto-Tuning, Windows tana tsayar da wannan awo a kusan bayit 65,535, wato bit 524,280. Gudun da haɗi ɗaya zai samu shi ne wannan adadi a raba da lokacin zuwa da dawowa. Zuwa sabar gwaji a cikin Accra, ping ya nuna milisakan 4, lissafi ya ba da kusan 131 Mbps, kuma Speedtest haɗi da yawa yake buɗewa a lokaci guda, sai cutar ta ɓuya. Zuwa sabar Turai ping ya nuna milisakan 105. A raba 524,280 da 0.105, a samu 5 Mbps, wato 620 KB/s ɗin nan daidai wa daida. YouTube kuwa ya tsira ne saboda a Chrome yawanci ta QUIC yake bi, wanda ke kan UDP ba TCP ba, wannan saiti bai shafe shi ba. Kamar mai tallan ruwa ne da garwa ɗaya: idan famfo na ƙofar gida ba a gane ƙanƙantar garwar, idan kuwa sai ya je Mamobi ya dawo, nan take randa za ta nuna.

Gyaran layi ɗaya ne: netsh int tcp set global autotuninglevel=normal. Fayil ɗin da zai ci kusan awa ɗaya da minti 45 ya sauko cikin ƙasa da minti biyar.

An sake kunna kwamfutar da Restart, ba Shut down ba. A Windows 10 da 11, idan Fast Startup na kunne, Shut down yana adana halin direbobi ya dawo da su yadda suke. Restart ne ke tayar da su daga tushe.

Akwai saituna da aka bari yadda suke da gangan. Jumbo Packet, wato fakiti mai girman bayit 9014, yana da amfani ne kawai tsakanin na'urorin cikin gida da duk suka yarda da shi, intanet kuwa 1500 take ɗauka, ko 1492 a layin PPPoE. An gwada da ping -f -l 1464 zuwa wani adireshi na waje, ya wuce, aka gwada 1472 ya ƙi, wanda ya yi daidai da 1492 idan an ƙara bayit 28 na kan fakiti. Rauta ta riga tana kula da wannan, ba a taɓa komai ba. Ba a kashe Receive Side Scaling ko saitunan Offload ba, domin suna rage wa firosesa aiki ne. Canza DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, ya koma 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 na iya sa shafi ya fara buɗewa da ɗan sauri, amma ba ya ƙara ko megabit ɗaya a saukar fayil. Tsohuwar maganar nan kuma cewa Windows ta ɓoye kashi 20 na gudu a QoS, a je a sake shi, tatsuniya ce da ta ƙi mutuwa tun zamanin Windows XP.

Laftop

Nan labari ya fi gajarta don katin da kansa ne iyaka. Umarnin netsh wlan show drivers ya nuna 802.11b da g da n kawai. Realtek RTL8723BE ne, mai hanya ɗaya, wanda 2.4 GHz kaɗai ya sani, bai ma ganin sunan 5 GHz na rautar. A faɗin 20 MHz ƙoluwarsa 72 Mbps, kuma a waifai abin da ke isa hannu bai cika wuce rabi da 'yan kai ba. Da aka duba netsh wlan show interfaces, Receive rate ya tsaya a 54. Wannan lamba ta tona asiri: tsaron rautar yana kan TKIP, an saukar da shi ne don wata tsohuwar firinta, kuma ƙa'idar 802.11n ba ta yarda a wuce 54 da TKIP ko WEP ba. Aka mayar da shi WPA2 mai AES, firintar aka jona ta da kebul ɗin USB.

Sai maƙwabta. Umarnin netsh wlan show networks mode=bssid ya jero sunaye sama da ashirin, na rautoci da MiFi da wayoyin da aka buɗe wa hotspot, abin da ba zai ba kowa mamaki ba a unguwar da bango ɗaya ke raba iyali biyu. A 2.4 GHz tashoshin da aka saba rabawa ba tare da sun hau juna ba uku ne, 1 da 6 da 11. Rautar gidan tana kan faɗin 40 MHz, wato ta shimfiɗa ƙafa a kan kusan rabin filin tana karo da kowa. A wuri mai cunkoso faɗin 20 ya fi 40 gudu, ko da yake lambar ta fi ƙanƙanta. Aka sa 20, aka zaɓi tasha ta 11 inda masu ƙarfin sigina suka fi kaɗan. A Power Options kuma, ƙarƙashin Wireless Adapter Settings, aka sa Maximum Performance har a kan batir, domin a ranar da dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo laftop kan batir take yini. Aka samu 38 zuwa 42. Iyakar katin ke nan.

An yi shawarar sa katin ciki irin Intel AX200, amma da aka buɗe bayan laftop ɗin wayar eriya ɗaya aka tarar, shi kuwa biyu yake so, ga kuma wasu tsofaffin laftop da BIOS ɗinsu ke ƙin katin da ba nasu ba. Mai niyyar saye ya lura kada ya ɗauko AX201 a madadinsa, don shi sai da firosesar Intel da ta dace. Aka koma ga adaftar USB ta 802.11ac mai hanya biyu, wadda ke ɗaurewa a 867 Mbps a kan 5 GHz. An soka ta a ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, saboda USB 2.0 a aikace ba ya kai 480 ɗin da aka rubuta masa. An kashe tsohon katin a Device Manager don kada Windows ta riƙa komawa kansa, sannan a Advanced aka sa Preferred Band ya fifita 5 GHz. A falo ta ba da 170.

A ɗakin yarinyar, bayan bangon bulo biyu, ta faɗo 30. Siginar 5 GHz ba ta jure bango kamar 2.4. Rautar kuma tana ƙasa, bayan talabijin, a cikin kabad mai ƙofar gilashi. Aka ciro ta aka rataye a bango sama da tsayin mutum, kusa da ƙofar da ke kallon ɗakunan, aka kuma sa wa adaftar ɗan kebul na mita ɗaya don ta fito daga bayan allon laftop. Ɗakin ya koma 95 zuwa 110.

Abin da ya rage

An yi awo na kwana uku, bayan asuba da bayan isha'i, kowane lokaci sau biyu: da sabar Accra da kuma ta Landan. Wannan ɗabi'a tana raba laifin gida da na waje. Idan ta Accra ta cika ta Landan ta faɗi, matsalar ta wuce ƙofar gida, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta. A irin wannan rana babu saitin da zai taimaka. Da asuba kwamfutar tebur tana ba da 190 da ɗoriya, da dare tana saukowa wajen 150, abin da ba baƙo ba ne tun da zaren fayiba ɗaya ake raba wa gidaje da yawa.

Ƙorafi ɗaya bai tafi ba. Idan Alhaji yana tura bidiyo, kiran WhatsApp na Hajiya da 'yan'uwanta na Kumasi sai ya riƙa sarƙewa. An gwada: ping da ke milisakan 4 yana haura 300 da zarar turawa ta cika hanyar fita, saboda fakitoci suna yin dogon layi a cikin rauta. Wannan ba aikin katin sadarwa ba ne, kuma rautar da kamfani ya bayar ba ta da SQM da zai tsara layin. Maganin wucin gadi da aka yi shi ne a manhajar da yake turawa da ita aka taƙaita gudun fita zuwa kashi 80 na abin da layin ke iya ɗauka, aka kuma shiga Delivery Optimization a Windows Update aka hana kwamfutar raba sabuntawa ga wasu kwamfutoci a intanet. Ping ya dawo ƙasa da 30 ana cikin turawa. Sayen rauta mai SQM an ɗage shi zuwa bayan sallah, tare da ƙaramin UPS na volt 12 da zai riƙe akwatin fayiba idan an ɗauke wuta.